Kada Ku Raba Tsohuwa da Akuyarta

    Wanda ya ji wannan hira a rediyo, ga ta nan a rubuce. Ya karanta sannu-sannu. In ya gama, ya karanta wa na kusa da shi.

Yau hirarmu a kan tsofaffi take, da bisashen da suke zama da su a gida. Akuya, rago, kaza, tantabara, kyanwa. Muna so mu duba abin da waɗannan bisashe suke yi wa zuciyar tsoho da hankalinsa.

Bari mu fara da abin da kowa ya saba gani. Ɗa ya dawo daga bida. Ya yi wata takwas a Legas, ko Abijan, ko Libiya. Ya iske uwarsa ta ƙara tsufa. Tana da akuya ɗaya da kaji huɗu. Kullum da sassafe sai ta fita neman ciyawa. Tana duƙawa, tana nishi. Tausayi ya kama shi. Sai ya ce: "Inna, wahalar nan ta isa haka. Ni zan riƙa aiko miki da kuɗi. Ki huta." Ranar kasuwa ya ja akuyar ya sayar. Ya sayo mata zane da buhun hatsi. Ya koma wurin nemansa, ransa fari, yana ganin ya kyauta.

Niyyarsa mai kyau ce. Amma ku dubi abin da yake biyo baya. Inna ta tashi da safe, ba mai kuka a turke. Ba abin da zai fito da ita daga ɗaki. Ta zauna. Gobe ma ta zauna. Abinci ya daina yi mata daɗi. Magana ta ragu. Maƙwabta su ce ai tsufa ne. To, jama'a, ba tsufa kaɗai ba ne. An ɗauke mata wahala, amma an haɗa da dalilin tashinta da safe.

Ciwon da ba a gani a jiki

Akwai ciwon da yake fitowa fili, kamar gyambo ko kumburi. Akwai kuma wanda yake cin mutum a ciki. Kewa tana cikinsu. Kaɗaici yana cikinsu. Haka ma baƙin ciki mai daɗewa, wanda likitoci suke kira ciwon damuwa.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ba da lissafi. Ta ce cikin mutum 100 masu shekara 60 ko fiye, wajen 14 suna fama da wani ciwo na hankali ko na damuwa. Ta ce kuma cikin tsofaffi huɗu, kusan ɗaya yana zaman kaɗaici ko yana jin kewa. Abin ya dami ƙasashe da yawa. A shekarar 2018 gwamnatin Ingila har ta ɗora wa wata minista aikin yaƙi da kaɗaici.

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce. Mu a nan tsoho yana cikin ƴaƴa da jikoki. Gaskiya ne, kuma abin godiya ne. Amma mutum yana iya zama cikin gida mai mutum ashirin, kewa tana cinsa. Abokan tasowarsa sun rasu. Matarsa ta rasu, ko mijinta ya rasu. Ido ya yi rauni, kunne ya yi nauyi. Ƙafa ba ta kai shi gona. Samari sun tafi cin rani. Yara suna lakkol. Waɗanda suke gida kowa yana kan aikinsa, ko yana kan wayarsa. Ana ba shi tuwo, ana ba shi fura, ana gaishe shi safe da yamma. Amma ba mai neman wani abu a hannunsa. Wanda ya shekara hamsin yana ciyar da gida, yau ba abin da yake jiran sa. Wannan shi ne ciwon.

Labarin likita da tsuntsaye 100

Yanzu ku biyo mu zuwa Amurka, mu ba ku wani labari da ya faru da gaske.

A can, idan mutum ya tsufa ƙwarai har ya kasa yi wa kansa komai, akan kai shi wani gida na musamman. Gidan kamar asibiti yake. Akwai gado, akwai abinci, akwai magani, akwai ma'aikata dare da rana. A wani ƙaramin gari mai suna New Berlin, cikin jihar Niyu Yok, akwai irin wannan gida. Sunansa Chase Memorial. Tsofaffi 80 ne a ciki. Yawancinsu suna da gigin tsufa.

A shekarar 1991 aka ɗauki wani likita mai suna Bill Thomas ya shugabanci aikin lafiya a gidan. Shekarunsa 31 a lokacin. Ya duba tsofaffin, ya ga duk sun yi shiru, sun yi sanyi. Da farko ya ɗauka magani ne bai yi daidai ba. Ya yi ta aune-aune, ya yi ta canza magani. Bai ga wani canji ba. Daga baya ya gane abin da yake damun su. Ya ce annoba uku ce a gidan. Ta ɗaya zaman banza. Ta biyu kaɗaici. Ta uku mutum ya ji ba abin da ya iya, ba abin da ya isa ya yi.

Sai ya kawo shawarar da ta ba kowa mamaki. Ya ce a cika gidan da abubuwa masu rai. Dokar jihar ba ta yarda da bisashe masu yawa a irin wannan gida ba. Sai da suka nemi izini aka ba su. Suka kawo karnuka 2, da kyanwoyi 4, da ƙananan tsuntsaye 100, dangin aku, masu kama da tsirya.

Ranar da aka kawo tsuntsayen abin dariya ya faru. Mota ta iso da su, amma kejinsu bai iso ba tukuna. Direba ya sake su cikin ɗakin gyaran gashi, ya rufe ƙofa, ya yi tafiyarsa. Da kejin suka iso, sai da aka zauna aka harhaɗa su. Ma'aikata suka yi ta bin tsuntsaye suna kamawa, gashin tsuntsu yana tashi ko'ina. Tsofaffin suka taru suna kallo, suna ta dariya.

Aka rarraba tsuntsayen ɗaki-ɗaki. Aka sa shuka mai rai a ɗakunan. Aka yi lambu a tsakar gida. Daga baya aka ƙaro zomaye da kaji masu ƙwai. Aka bar ƴaƴan ma'aikata suna shigowa.

Me ya biyo baya? Waɗanda aka ɗauka sun daina magana suka fara magana. Tsoho ya kira ma'aikaci ya ce tsuntsunsa bai ci abinci ba yau. Wani ya ce a ba shi kare ya zaga da shi. Akwai wani dattijo da matarsa ta rasu, ya daina cin abinci, ya daina tashi daga gado. Aka kai masa tsuntsu biyu. Da farko ko kallonsu bai yi ba. Sannu a hankali ya gyara kwanciya don ya riƙa ganinsu. Ya fara gaya wa ma'aikata abin da tsuntsayen suke so. Ya koma cin abinci, ya koma sa tufafinsa da kansa. Bayan wata uku ya koma gidansa.

Masu bincike suka bi gidan shekara biyu, suna gwada shi da wani gida irinsa na kusa. Suka ga magungunan da ake ba kowane tsoho sun ragu zuwa rabin na ɗaya gidan. Mace-mace suka ragu da kashi 15 cikin 100. Wani likita mai suna Atul Gawande ya ba da wannan labari cikin littafinsa na shekarar 2014.

Amma ku lura da abu ɗaya. Gida ɗaya ne tak. Kuma abubuwa da yawa aka canza a lokaci guda: bisashe, da lambu, da yara. Saboda haka ba za a ce tsuntsu kaɗai ya yi aikin ba. Abin da ya tabbata shi ne, tsofaffin sun samu abin kula, kuma ransu ya dawo.

An gwada a wasu wurare

Tun kafin wannan, a shekarar 1975, wasu masana biyu a Ingila sun ba da labarin wani gwaji. Sun nemi tsofaffi masu shekara 75 zuwa 81 da suke zaune su kaɗai. Wasu aka ba su tsuntsu a keji. Wasu aka ba su shukar fure a tukunya. Wasu ba a ba su komai ba. Bayan wata 5 aka koma aka yi musu tambayoyi. Masu tsuntsu suka fi sauran sakin rai. Abin lura kuma, tsuntsun ya zama abin hira. Baƙo in ya shigo, maimakon a yi ta maganar ciwon ƙafa da ciwon baya, sai a yi maganar tsuntsu. Mutanen gwajin ba su da yawa, amma ya buɗe wa masana ido.

Na biyu zai ba ku dariya. A Koriya ta Kudu, a shekarar 2016, an ba da sakamakon wani gwaji da aka yi da tsofaffi 94. Aka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka ba kowannensu gyare 5 cikin ɗan keji. E, gyare, wannan mai kuka da dare. Aka ce su riƙa ba su abinci, su riƙa kula da su. Kashi na biyu ba a ba su ba. Bayan mako 8 aka auna. Masu gyare damuwarsu ta ragu fiye da ta sauran.

Ku yi tunani a kan wannan. Gyare ba ya ba da nono, ba ya yin ƙwan da za a ci, ba ya sanin mai shi. Amma ya yi amfani. Ke nan ba girman dabba ba ne, ba kuma tsadarta ba. Kulawar ita ce maganin.

Na uku, a shekarar 2023 an duba mutum 7,945 a Ingila, masu shekara 50 ko fiye, waɗanda aka bi shekaru ana auna su. Aka ga cikin masu zama su kaɗai, waɗanda suke da dabba a gida ba su cika saurin mantuwar kalmomi kamar marasa dabba ba. Cikin masu zama da iyali kuwa, ba a ga wannan bambanci ba. Wato amfanin ya fi fitowa ga wanda ya fi kaɗaici.

Me dabba take yi wa tsoho?

Abu huɗu ne. Ku riƙe su.

Na ɗaya, tana tsara masa yini. Akuya ba ta san an yi makoki ba. Gari na wayewa za ta yi kuka. Dole a tashi, a ba ta dusa, a ba ta ruwa. Da rana a matsar da ita inuwa. Da yamma a ƙirga kaji, a rufe akurki. Mai damuwa babban abin da yake kayar da shi shi ne kwanciya ba dalilin tashi. Dabba tana ba shi dalili kullum.

Na biyu, tana motsa masa jiki. Ɗaukar ƙwarya, tsintar ƴaƴan gawo, sharar turke, duk motsi ne. Likitoci sun tabbatar motsa jiki yana rage damuwa, yana kawo barci, yana sa a ji yunwa.

Na uku, tana ɗebe kewa. Tsoho yana shafa ragonsa, yana yi masa magana. Kyanwa tana zuwa ta kwanta kusa da ƙafar tsohuwa. Dabba ba ta cewa ai ka faɗi wannan jiya. A shekarar 2015 masana a Japan sun auna mutane da karnukansu. Suka ga idan sun daɗe suna kallon juna, wani sinadari mai suna oksitosin yana ƙaruwa a jikinsu su duka. Shi ne sinadarin da yake ƙaruwa tsakanin uwa da jinjirinta.

Na huɗu, tana haɗa shi da mutane. Wannan ya fi duka. Akuya ta haihu, maƙwabciya ta shigo barka. Jika ya zo ganin ƴaƴan tantabara. Wani ya zo tambaya yadda ake turka rago. Tsohuwa ta tatsi nono ta ba jikanta. Ta tara ƙwai ta ba baƙo. Ta sayar da zakara ta yi gudummawar biki da kuɗinta. Hannun da ya saba karɓa kawai ya koma yana bayarwa. Nan mutuncin mutum yake.

Gaskiyar da ba za mu ɓoye muku ba

Jama'a, dabba ba laya ba ce. Ba kowane bincike ya nuna amfani ba. A Ostareliya, a shekarar 2005, an tambayi mutum 2,551 masu shekara 60 zuwa 64. A nan sai aka ga masu dabba sun fi marasa dabba kukan damuwa. Me ya sa? Masana sun kawo dalilai. Wataƙila mai damuwa shi ya fi neman dabba tun farko. Wataƙila kuma ɗawainiyar ce ta yi wa wasu yawa. Saboda haka mu san dabba tana iya zama nauyi ta hanya uku.

Akwai nauyin ciyarwa. Cikin rani, watan huɗu da watan biyar, harawa tana tsada, ciyawa ta ƙare. Tsohuwar da ba ta da mai taimako za ta kwana tana tunanin abin da akuyarta za ta ci. Wata ma takan rage nata abincin ta ba dabba. Wannan ƙarin damuwa ne.

Akwai haɗarin faɗuwa. A Amurka, daga 2001 zuwa 2006, an lissafa mutum fiye da 86,000 kowace shekara da suka faɗi suka ji ciwo saboda kare ko kyanwa. Masu shekara 75 ko fiye su abin ya fi samu. A wurinmu igiyar turke ce take harɗe ƙafa, ko babban rago ya ture mutum. Ƙashin tsoho in ya karye, ɗorinsa da wuya.

Akwai kuma zafin rabuwa. Dabba tana mutuwa, ana sace ta, ana sayar da ita, ana yanka ta. Mu dabbarmu dukiya ce, kowa ya san ranar rabuwa tana zuwa. Amma tsohon da ya shekara yana turka rago da hannunsa, ranar layya zai ji wani abu a ransa. Kada a yi masa dariya. A ce masa sannu. In da hali, a ɗaure masa wani ɗan rago a turken kafin mako ya zagayo.

To, yaya za mu yi a gidajenmu?

Mu ba mu da bukatar sayen tsuntsu daga wata ƙasa. Abin yana hannunmu tun kaka da kakanni. Aikinmu shi ne kada mu ɓata shi. Ga shawarwari shida.

1. A tambayi mai dabba. Kada a sayar, kada a yanka, kada a kyautar da dabbar tsoho sai da yardarsa. Haka kuma kada a ɗora masa dabbar da bai nema ba. Wani tun yana yaro ba ya son kiwo. A bar shi, a nema masa wani abin yi.

2. A rage, kada a kwashe. In awaki shida sun yi wa Inna yawa, a bar mata ɗaya ko biyu. In Baba ya kasa riƙe doki ko sa, a ba shi tunkiya.

3. A zaɓi dabba daidai ƙarfin mutum. Mai sauran ƙarfi, akuya ta dace da shi. Jar akuya ta Maraɗi sananniya ce, ga nono, ga yawan haihuwar tagwaye. Cikinta wata 5 ne, saboda haka ba a daɗe ana jira ba. Wanda ƙafa ta yi wa nauyi, kaji ko tantabaru sun fi. Yana zaune a tabarma zai watsa musu tsaba. Kaza tana ƙyanƙyashewa cikin kwana 21, tantabara wajen kwana 18. Kullum akwai abin jira. Wanda ba ya fita ɗaki sosai, kanari a keji ko kyanwa, wadda wasu suke kira mussa, za ta ɗebe masa kewa, ta kuma kore masa ɓera. Kyanwa ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Kun san sahabin nan Abu Huraira, saboda ƴar kyanwar da yake ɗauka aka sa masa wannan laƙabi.

4. A raba aiki. Aiki mai nauyi na yara ne: jan ruwa, yankan ciyawa, ɗaukar harawa, kwashe taki. Aiki mai sauƙi na tsoho ne: zuba dusa, ba da ruwa, ƙirgawa, ba da umurni. Shi ne mai dabba, jika ɗan aike. Ta haka jika yana koyon kiwo, kaka tana samun abokin hira.

5. Mai aiko da kuɗi ya tuna da dabba. Kai da kake bida, in za ka aiko da kuɗin hatsi, ka ƙara na dusa da harawa. A saye su da kaka, lokacin da suke da araha, a ɗora a kan rumfa.

6. A taimaki wanda ba shi da ita. Fulani suna da al'ada mai kyau da ake kira habbanaye. Mai dabba ya ba marar dabba aron mace. In ta haihu, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma wa mai ita. Mu ma mun san ba da kiwo. Ku duba unguwarku. In akwai tsohuwar da ba ta da ko kaza, wannan taimako ne mai daɗewa.

Tsabta da rigakafi

Jikin tsoho ba ya jure ciwo kamar na saurayi. Rigakafi ya fi magani. Ku kiyaye waɗannan.

Dabba ta kwana a turke, kaza a akurki, mutum a ɗaki. Kada a haɗa makwanci. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa dabba, kafin a ci abinci. A tafasa nono kafin a sha, domin ɗanyen nono yana iya ɗauke da cuta. Kashin tantabara in ya bushe, ƙurarsa tana cutar da ƙirji. A yayyafa ruwa kafin a share, kuma tsoho mai tari ko fuka kada ya yi wannan shara. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa. Igiyar turke ta zama gajera, nesa da hanyar ɗaki da ta makewayi.

In ma'aikatan kiwo sun zo allurar rigakafi, a fitar da dabbar tsoho tare da na kowa. In kaji suna mutuwa da yawa lokaci guda, kada a ci, kada a taɓa da hannu, a sanar da likitan dabbobi. Ku tuna murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magariya cikin watan biyu na shekarar 2006.

Mai kare na gadi ko na farauta ya kai shi a yi masa allurar ciwon hauka. Wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara a duniya, yawancinsu a Afirka da Asiya. In kare ko kyanwa ta ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Sannan a tafi gidan likita a ranar, kada a jira gobe.

Yaushe za a je gidan likita?

Akwai inda dabba ba ta isa ba. Ku lura da tsohonku. In ya yi mako biyu ko fiye ba ya son abinci, ba ya barci, ba ya son hira, yana yawan kuka, ko yana cewa mutuwa ta fi masa, wannan ciwo ne. In ya daina kula da dabbar da yake so, wannan ma babbar alama ce. Haka in ya fara ɓata a hanyar da ya sani, ko yana manta sunan ƴaƴansa. A kai shi gidan likita. Ciwon damuwa yana da magani, ko ga mai shekara tamanin. Ba abin kunya ba ne.

Kuma muna roƙon ku abu ɗaya. In kun ji tsohuwa tana magana da akuyarta ko da kyanwarta, kada ku ce ta zare. Kada ku bari yara su kira ta mayya. Mai kewa ce ta samu mai saurare. Ku shiga ku zauna, ku zama na uku a hirar. Dabba tana ɗebe kewa, amma ba ta zama ɗa, ba ta zama maƙwabci. Zumunta a ƙafa take.

Aikin wannan mako

Ƴan uwa ɗalibai, in kun taru a aji ko a dandalin saurare, ku tattauna tambayoyin nan uku.

1. Tsofaffi nawa ne a unguwarku suke wuni ba mai hira da su?

2. Wace dabba ce tsohon gidanku yake kula da ita, kuma wa yake taimaka masa da ruwa da ciyawa?

3. An taɓa sayar da dabbar wani tsoho ba da saninsa ba? Me kuka gani bayan haka?

Bayan wannan kowa ya ɗauki alkalami. Ka je wurin Baba, ki je wurin Inna ko Kaka. Ku tambaye su sunan dabbar da suka fi so a rayuwarsu, da launinta, da yadda suka same ta. Ku rubuta layi biyar. Ku karanta musu abin da kuka rubuta, sannan ku kawo wa malaminku ya duba.

Nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Allah ya ba tsofaffinmu lafiya, ya ba mu ikon kula da su. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.